Kayan da ake cewa masu kare muhalli da lafiya, gaskiya ne ko salon talla?

Maman Hanifa: Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina son jin ra'ayinku akan wannan yayin da ya shigo na kayan da ake cewa masu kare muhalli. Yanzu duk abinda ka ɗauka, sabulu ne, man shafawa ne, garin wanki ne, robar ruwan yara ne, har buroshin goge baki, sai kaga an zana masa koren ganye an rubuta wai na halitta ne, babu sinadari, yana ruɓewa, ba ya cutar da ƙasa. Kuma kusan kullum shi yafi na kusa dashi tsada. Ni damuwata yara ce, in har da gaske akwai abinda yake cutar dasu a cikin na gama-gari to na yarda in ƙara kuɗi, amma bana so a riƙa tsorata ni ana karɓe min kuɗi a banza. Masu sani a taimaka.

Malam Auwal: Wa alaikumus salam. Hajiya ki riƙe kuɗinki, kaso mafi yawa talla ce kawai. Kamfanin Volkswagen shekara da shekaru yana tallar motocinsa na dizal cewa masu tsaftataccen hayaƙi ne, mutane suka saya da niyyar suna kyautata wa muhalli, sai a watan Satumba 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta tona cewa wata manhaja suka dasa a cikin motar wadda take gane lokacin da ake gwaji ta rage hayaƙin, da an hau titi kuma ta saki, har ninki 40 na abinda doka ta yarda. Mota wajen miliyan 11 a duniya. To in babban kamfani irin wannan da yake da suna da zai kare ya iya haka, ina ga wanda kawai ya buga ganye a jikin kwalba?

Ummu Sudais: Nima abinda nake faɗa kenan, duk kasuwanci ne.

Injiniya Sa'adatu: Malam Auwal maganar Volkswagen gaskiya ce, kuma zan ma ƙara maka hujja. Hukumar Tarayyar Turai ta yi bincike a 2020 akan irin waɗannan iƙirarin da ake rubutawa a jikin kaya, ta samu kashi 53 cikin ɗari ko dai maganar a dunƙule take ko mai ɓatarwa ko mara tushe, kashi 40 kuma babu wata shaida ko ɗaya a bayansu. Amma ka lura da wani abu, wa ya kama Volkswagen? Awo ne ya kama su, masu bincike ne suka ɗaura na'ura a jikin mota suka hau titi da ita. Wato maganar da za a iya aunawa ita ce ake iya kama maƙaryaci a kanta. Ni aikina kenan, harkar kwali da leda da robar da ake zuba kaya, kuma abinda nake gaya wa mutane kullum shi ne kar ki kalli launin, ki karanta abinda aka ce ki tambayi kanki, wannan maganar in ƙarya ce akwai yadda za a gane? In an rubuta "abokin muhalli" to babu wanda zai iya ƙaryata shi saboda bai ce komai ba. In an rubuta cewa kashi 50 na robar nan daga tsohuwar roba aka sake sarrafa ta, wannan magana ce da ake iya bi a duba takardun masana'anta.

Akwai kuma wata iri da gaskiya ce amma bata da amfani, kamar feshin turare ko na maganin ƙwari a rubuta babu CFC, sinadarin nan da yake lalata rufin ozon na sararin sama, alhali yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa an daina amfani dashi a duniya tuntuni, kowa ma babu a nasa.

Maman Hanifa: Anti Sa'a to yaya mutum zai gane wadda aka duba ɗin? ni duk tambarin iri ɗaya nake ganinsu

Injiniya Sa'adatu: Ki duba ko tambarin na wata hukuma ce daban da kamfanin, ko kuwa kamfanin ne ya zana wa kansa. Blue Angel na Jamus tun 1978 yake, EU Ecolabel na Turai tun 1992, Energy Star na kayan lantarki shima 1992, FSC na katako da takarda, OEKO-TEX na yadi da tufafi yana nuna an gwada shi akan sinadarai masu cutarwa. Yawancin waɗannan suna zuwa da lambar lasisi a ƙasan tambarin da zaki iya sawa a shafinsu ki gani ko da gaske ne. Ba wai su ma basu da naƙasu bane, FSC an sha sukarsu akan wasu dazuzzukan da suka ba shaida, amma aƙalla akwai ƙa'ida a rubuce kuma akwai wanda za a kai wa ƙorafi. Ganye ko hoton duniya da mai zane ya ɗora don ado babu wanda yake bayansa.

Kabiru Ɗan Baba: Anti ita kuma leda mai ruɓewa fa? Ni wannan na ɗauka ita ce mafita gaba ɗaya, a yar da ita ta zama ƙasa shikenan

Injiniya Sa'adatu: Ƙanina nan ne ma aka fi ruɗa mutane wlh. A jami'ar Plymouth ta Ingila an yi gwajin da aka fitar a 2019, suka binne ledojin da aka rubuta masu ruɓewa a ƙasa, wasu suka sa a ruwan teku, bayan shekara 3 aka ciro wasunsu har a lokacin suna iya ɗaukar kaya basu yage ba. Dalili shi ne ruɓewa tana da sharaɗi. Robar PLA da ake yi da masara ko rake tana ruɓewa, amma a masana'antar haɗa taki inda zafi yake kaiwa wajen digiri 58 da danshi da ƙwayoyin da suke cinye ta, in ta faɗa kwata ko bola haka zata zauna kamar kowace roba. Kuma in ta shiga cikin robar ruwa da ake tarawa don sake sarrafawa sai ta ɓata narkon, don ba zafi ɗaya suke narkewa ba. Wadda tafi muni ita ce ake ce wa oxo, roba ce ta gama-gari aka sa mata wani sinadari da yake sa ta farfashe in rana ta doke ta, ido ya daina ganinta amma tana nan ta koma ɓurɓushi ƙanana a cikin ƙasa da ruwa wanda ba mai iya tsince shi. Turai ta haramta ta tun Yulin 2021.

Malam Auwal: Kun ji ko. Kuma ita kanta maganar sake sarrafa robar da ake ta yi mana wa'azi akai, rahoton ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD na 2022 cewa yayi kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar roba ake sake sarrafawa a duniya, saura ko a binne ko a ƙona ko ta watsu. Alamar nan ta kibiya uku da lamba a tsakiya da ake gani a gindin roba, ƙungiyar masu masana'antar roba ta Amurka ce ta fito da ita a 1988 don nuna irin robar, daga 1 zuwa 7, amma kowa ya ganta sai ya ɗauka ana nufin za a sake sarrafa ta. A aikace lamba 1 da 2 ne suke da kasuwa sosai. Ni abinda yake ɓata min rai shi ne yadda aka juyo da laifin kan mai saye, kamfanin mai na BP ne ya yayata maganar kowa ya lissafa hayaƙin da shi kansa yake jawowa a tallarsa ta wajen 2004, kamfanin da yake haƙo man. Uwa tana tsaye tana tunanin wane sabulu ne zai ceci duniya, su kuma suna ƙara gina masana'antar roba.

Baba Alhaji Isa: Malam Auwal ka faɗi gaskiya amma kar ka kashe wa mutane gwiwa. Don babba ya yi ɓarna bai zama hujja ƙarami ya ƙara tasa ba. Almubazzaranci haramun ne ko da kamfani ko babu kamfani.

Malam Auwal: Haka ne Baba, ban ce a yi ɓarna ba. Cewa nake kar a bari a sayar mana da kwanciyar hankali a kwalba.

Ummu Sudais: To ni jakar yadi na koma, ita dai ai ba matsala ko

Injiniya Sa'adatu: Tana da kyau in zaki riƙe ta ki yi ta amfani da ita. Hukumar muhalli ta Ingila ta yi lissafi a 2011 cewa jakar auduga sai an yi amfani da ita sau 131 kafin ta rama hayaƙin da aka fitar wajen yinta in aka gwada da leda ɗaya, saboda noman auduga yana cin ruwa da taki da maganin feshi, ga saƙa ga rini. Matsalar ita ce yanzu kowane kamfani da kowane taro rabon jakar yake yi da sunansa a jiki, sai mutum ya tara goma sha a gida yana amfani da ɗaya.

Abu Yusra: Anti a nan kam ban yarda dake gaba ɗaya ba. Wancan lissafin hayaƙi kawai ya auna, bai auna ledar da take toshe magudanar ruwa ba, bai auna dabbar da take haɗiye ta ta mutu ba, bai auna wadda ake ƙonawa mutane su shaƙa ba. Bangladesh da ta fara hana leda a 2002 ai ba don hayaƙi ta yi ba, ambaliya ce ta ci su aka ga leda ce ta cushe hanyoyin ruwa. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017, kuma duk wanda ya ga hotunan titunan Kigali ya san abin ya yi aiki. In aka riƙa kawo lamba 131 ɗin nan ba bayani sai mutum yace ashe ma leda tafi, ya koma gidan jiya.

Injiniya Sa'adatu: Na karɓi wannan Abu Yusra, kuma shi ne ma ya sa kalmar "mai kare muhalli" ita kaɗai bata isa ba, kare shi daga me? Abu ɗaya zai iya yin kyau ta fuskar hayaƙi ya yi muni ta fuskar shara, wani kuma akasin haka. Kwalba misali ba ta da matsalar sinadari kuma ana narka ta a sake ba iyaka, amma tana da nauyi, motar da zata ɗauke ta tafi shan mai, kuma narka ta yana cin wuta sosai, sai in ana dawo da ita ana sake cikawa take cin riba. Ni ban ce a koma leda ba, cewa nayi jakar da kike da ita ki yi ta amfani da ita har ta mutu.

Hajiya Rabi: Bari in shigo ta ɓangaren lafiya tunda Maman Hanifa yara ta ambata, kuma ni harkar magunguna nake. Abu na farko ƙanwata ki cire wa ranki cewa na halitta yana nufin ba ya cutarwa. Dalma daga ƙasa ake haƙo ta, zaiba ma haka, kuma su biyun suna cikin mafi sharrin abinda zai shiga jikin yaro, dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa kuma hukumar lafiya ta duniya ta ce babu wani adadinta da za a ce ba komai. Man ƙamshin da ake tatsa daga tsirrai ma yana iya ƙona fatar jariri ko ya tayar masa da ƙaiƙayi. Sannan "babu sinadari" magana ce da bata yiwuwa, ruwa ma sinadari ne, tambayar ita ce wanne kuma nawa.

Amma fa akwai wuraren da damuwar gaskiya ce, ba duka bane talla. BPA da ake sawa a wata roba mai tauri da cikin gwangwani yana kwaikwayon sinadarin halittar mace a jiki, Turai ta hana shi a robar shayar da jarirai tun 2011, Amurka a 2012, kuma a 2023 hukumar lafiyar abinci ta Turai ta rage adadin da ta yarda mutum ya sha a rana har ninki dubu 20, daga baya a ƙarshen 2024 suka hana shi a duk abinda yake taɓa abinci. Matsalar da ta biyo baya ita ce wasu kamfanonin da suka cire BPA sai suka sa ɗan uwansa BPS, wanda bincike yake nuna shima yana da irin halin, an yi gudun gara an faɗa gidan zago, kuma a jiki an rubuta babu BPA kuma ba ƙarya suka yi ba. Shi yasa ni shawarata bata da alaƙa da tambari, kar ki zuba abu mai zafi a roba, kar ki ɗumama abinci a cikinta, wadda ta kakkarce ko ta yi hazo ki daina ba yaro, in da hali kwalba ko ƙarfe mara tsatsa.

Maman Hanifa: Allah ya saka Hajiya. Sabulun da ake cewa yana kashe ƙwayoyin cuta fa, shi nake saya musu saboda makaranta

Hajiya Rabi: Ba sai kin wahalar da kanki ba. A 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sinadarai 19 a irin wannan sabulun na wanke hannu da jiki, ciki har da triclosan, saboda kamfanonin sun kasa kawo shaidar cewa yafi sabulu na gama-gari da ruwa, kuma sun kasa nuna ba ya cutarwa in an daɗe ana amfani dashi. Wankin ne yake aikin, a cuɗa hannu sosai kamar daƙiƙa 20 har tsakanin yatsu. Inda nake so mata su sa ido da gaske shi ne man ƙara hasken fata, ana rubuta masa sunan 'ya'yan itace da ganyayyaki amma gwaje-gwaje a ƙasashe da yawa sun sha samun zaiba a ciki, tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana bi ta nono ta kai ga jariri, har wanda yake kwana a shimfiɗa ɗaya da mai shafawa tana iya taɓa shi. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta fara sa iyaka, daga baya ƙasashen suka amince a hana ta kwata-kwata a kayan kwalliya daga 2025. Duk man da ba a jera abubuwan da ke cikinsa ba, ba sunan wanda ya yi shi, ki ajiye shi komai yawan ganyen da ke jikinsa.

Ummu Sudais: Innalillahi, wannan na kwana a shimfiɗa ɗaya ya tsorata ni. Tukunyar da bata kama abinci fa Hajiya, naji ana cewa tana sa kansa

Hajiya Rabi: Wanda aka tabbatar da sharrinsa shi ne PFOA da ake amfani dashi da can wajen yin shafen, shi ne ya gurɓata ruwan sha a Parkersburg ta Amurka kusa da masana'antar DuPont, kuma a 2023 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa shi a jerin masu jawo kansa. Manyan masu yi sun daina amfani dashi shekaru da suka wuce, amma danginsa na PFAS dubbai ne kuma basa ruɓewa, suna cikin takardar naɗe abinci mai hana maiƙo da rigar ruwa da sauransu. Taki tukunyar kar ki bar ta a wuta ba komai a ciki, shafen yana fara lalacewa in zafi ya wuce digiri 260, kar ki sa mata cokalin ƙarfe, in ta fara ɓarewa ki canza.

Nafi'u: Ni duk wannan maganar gani nake ta masu hali ce. Wanda yake lissafin abinda zai ci yau ina ya ga ta duba lambar lasisi a intanet, abinda kuɗinsa ya kai shi zai ɗauka

Abu Yusra: Ɗan uwa ni gani nake akasin haka ne, an dai sa mana a kai cewa kare muhalli wani abu ne da ake saya. Mara hali shi yafi kowa gyara abu da maimaita amfani dashi, kuma wannan yafi duk wani tambari. Ni gyaran waya nake, kuma mafi yawan hayaƙin da waya take jawowa a rayuwarta wajen ƙera ta ne, haƙo ma'adinai da yin allon cikinta, cajin da kake mata kaɗan ne a lissafin. Kenan wanda ya canza batir ya ƙara shekara biyu da wayarsa yafi wanda ya sayi sabuwa mai kwalin takarda da aka ce an sake sarrafawa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 sharar kayan lantarki ta kai tan miliyan 62, kashi 22 kawai aka tattara aka sarrafa yadda ya kamata. Kuma mu masu gyara mun san daga ina matsalar take, a manne batir da gam, a yi sukurun da ba kowa ke da abin kwance shi ba, a sa manhaja ta ƙi karɓar sikirin in ba nasu bane, a daina turo sabuntawa bayan 'yan shekaru waya lafiyarta ƙalau ta zama ba amfani. Faransa a Janairun 2021 ta wajabta a liƙa maki daga cikin 10 a jikin waya da kwamfuta da injin wanki na yadda suke da sauƙin gyara, Turai kuma ta tilasta caja iri ɗaya ta USB-C daga ƙarshen 2024. Irin wannan ne yake canza abu, kuma talaka ne yafi cin moriyarsa.

Nafi'u: To wannan na yarda. Ƙwan LED ma dai na ga amfaninsa a kuɗin wuta

Injiniya Sa'adatu: Shi kam babu gardama, yana rage cin wuta da aƙalla kashi 75 akan tsohon ƙwai mai zare kuma yana daɗewa nesa ba kusa ba, in dai mai kyau ne.

Kabiru Ɗan Baba: Yayyena ni fa da dalili nake bin zancen nan. Ina shirin fara sana'ar sabulun ruwa da na wanke-wanke, tsarin shi ne mutum ya sayi robar sau ɗaya, in ta ƙare ya dawo da ita a cika masa a rage masa kuɗin roba. Har na sa an zana min takardar liƙawa, an rubuta na halitta ɗari bisa ɗari, babu sinadari, abokin muhalli. Yanzu kuma jikina yayi sanyi, amma in na cire waɗannan kalmomin me zai ja mai saye? kowa haka yake rubutawa

Malam Auwal: Ka ga irin abinda nake faɗa, ba mugunta ce take sa mutane ba, kasuwa ce take tura su. Ko kamfanin tufafi na Patagonia da ake yabo, sun buga talla a 2011 suna cewa kar a sayi rigarsu in ba a buƙata, kuma cinikinsu ƙaruwa yayi bayan nan.

Abu Yusra: Amma Malam suna gyara wa mutane tsofaffin kayansu suna sayar da na hannu, kuma a 2022 mai kamfanin Yvon Chouinard ya miƙa mallakarsa ga amana da wata ƙungiya don ribar ta tafi harkar muhalli. Cin riba ba laifi bane in abinda ka faɗa kana yinsa.

Injiniya Sa'adatu: Kabiru tsarinka yana da kyau sosai, yafi na manyan kamfanoni da yawa, kar ka ɓata shi da maganar da ba zaka iya karewa ba. Sabulu ko na gargajiya ne sai da soda ko toka ake yinsa, na ruwan da ake haɗawa kuma akwai sinadarin kumfa da na kauri da turare, to ta ina ya zama babu sinadari? Ranar da wani mai sani ya tambaye ka a gaban kwastoma ka rasa amsa, ranar ka rasa amanarsu. Kuma duniya ta fara juyawa akan wannan, a 2022 hukumar kare masu saye ta Holan ta sa kamfanonin tufafi da kayan wasanni H&M da Decathlon suka gyara irin waɗannan kalmomin a kayansu, a shekarar kuma Amurka ta ci tarar manyan kantunan Walmart dala miliyan 3 da Kohl's miliyan 2.5 saboda sayar da yadin rayon da sunan bambu mai kare muhalli, alhali narka icen ake yi da sinadarai masu ƙarfi kafin ya zama zare. Turai ta yi dokar da aka sa Satumba 2026 a matsayin lokacin fara aikinta wadda ta hana rubuta kalma a dunƙule irin abokin muhalli in babu shaida.

Abinda kake dashi na gaskiya shi zaka rubuta. Robar nan ana dawo da ita a sake cikawa, ga rangwamen da ake samu. Ka jera duk abinda ka zuba a ciki, ka sa ranar haɗawa da ranar lalacewa da lambar rijistar hukumar da take kula da irin kayan a ƙasarka. In ka riƙe littafi kana rubuta duk cikawa, bayan shekara zaka iya cewa roba kaza muka hana zuwa bola kuma lissafin yana hannunka, wannan ba mai iya ƙaryata shi.

Hajiya Rabi: Kuma ɗana dan Allah kar ka ce zaka cire maganin hana lalacewa don a ce naka na halitta ne. Sabulun ruwa yawancinsa ruwa ne, in babu shi ƙwayoyin cuta suna iya girma a ciki, mutum ya wanke hannu ya ƙara wa kansa datti. Ka sa wanda aka amince dashi daidai awon da aka ƙayyade, ka rubuta sunansa a jiki.

Kabiru Ɗan Baba: Na gode Hajiya, na gode Anti. Zan sa a sake takardar. Tambaya ɗaya ta rage, in mutum ya dawo da roba da sauran sabulu a gindinta in ƙara masa akai kawai? kuma wace irin roba zan saya da zata jure

Injiniya Sa'adatu: A'a kar ka ƙara sabo akan tsoho, ta nan gurɓata take shiga, musamman da yake mutane suna zuba ruwa a ragowar don ya ƙara auki. Ka tanadi wasu robobin a wanke a bushe, in ya kawo tasa ka karɓa ka bashi cikakkiya, tasa kuma ta shiga layin wanki, a ɗauraye ta sosai a kife ta ta bushe ƙarƙaf kafin a sake cikawa, murfi da famfon ma a kwance su a wanke don a nan datti yake maƙalewa. Roba ka nemi mai lamba 2 wato HDPE mai ɗan kauri, tana jure sabulu da faɗuwa, kuma ranar da ta tsage masu sake sarrafawa suna karɓarta. Ka ɗauki fara ko mara launi, baƙa tana ba injin tantancewa wahala kuma bata da daraja a wajensu. Takardar liƙawar ma ka sa a yi maka wadda ruwa ba ya ɓare ta, ka bar ɗan fili a jiki inda zaka riƙa rubuta ranar kowace cikawa.